Murfin Sama a Gadon Lilo: Lacca a Kan Kwanan Daji Lokacin Sanyi



Shugaban wannan zama, malamaina da ke gaba, 'yan'uwa maza da mata, musamman ƙannena ɗalibai da ke shirin tafiya karatu ƙasashen sanyi, barkanmu da war haka. An nemi in yi magana a kan wani ɗan ƙyalle wanda in an ninke shi zai shiga aljihun babbar riga, amma mutane da yawa suke sa kuɗinsu su saya, su kwana a ƙarƙashinsa, su wayi gari a jiƙe suna rawar ɗari. Shi ne murfin sama na gadon lilo. Na karɓi maganar hannu biyu domin na san a cikinku akwai waɗanda nan da shekara guda abokan karatu za su ja su kwanan daji a Kanada, ko arewacin Amurka, ko tsaunukan Sikotilan, kuma sanyin can ba ya yi wa baƙo uzuri.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gadon lilo doguwar shimfiɗa ce ta yadi, tsawonta mita 3 ko da ɗan ƙari, ana tattare bakinta biyu a ɗaure a jikin itatuwa biyu, mutum ya kwanta a ciki yana reto tsakanin sama da ƙasa. Mutanen ƙasashen zafi ne suka ƙirƙiro shi. A hannun mutanen Taino na tsibiran Karebiyan Kolombus ya gan shi a 1492, daga nan matuƙan jiragen ruwan Turai suka ɗauka, kuma har gobe a Yukatan ta Meziko da arewa maso gabashin Barazil akwai gidajen da shi ne gadonsu. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka haɗa masa gidan sauro da rufin ruwa domin kurmi. Galibin wannan tarihin na masu gudun zafi ne da sauro da damshin ƙasa. Amfaninsa a wurinsu shi ne iska tana kewaya mutum ta ko'ina. Sai daga wajen 1999, lokacin da Tom Hennessy na Kanada ya fara sayar da nasa samfurin, da 2003 da Ed Speer ya fitar da littafi a kan kwanan daji da gadon lilo, masu yawon ƙafa a Amurka suka rungume shi, suka shiga kai shi cikin dusar ƙanƙara. Abin da ya sa yake da daɗi a Yukatan shi ne ya zama matsalarsa a Minesota, inda a watan Janairu digiri 20 ƙasa da sifili da dare ba abin labari ba ne, inda kuma a garin Tower aka taɓa auna digiri 51 ƙasa da sifili a Fabrairun 1996.

To me ya sa suke nacewa? Saboda a daji mai itatuwa ba sai ka nemi fili mai laushi ba. Gangare ne, duwatsu ne, taɓo ne, dusar ƙanƙara ce har gwiwa, duk ɗaya ne muddin akwai itatuwa biyu lafiyayyu masu tazarar mita 4 zuwa 5. Masu ciwon baya da yawa kuma sun fi samun barci a cikinsa in sun kwanta a karkace.

Kafin mu kai ga murfin, dole in faɗi abin da ya riga shi, domin a nan sababbin shiga suke fara tuntuɓe. Sanyin gadon lilo ta ƙasa yake fara kama mutum. Bargo ba ya haifar da zafi. Jikinka ne murhun, kuma yana fitar da abin da ya kai wat 80 kana barci, bargo kuwa aikinsa ya riƙe iskar da ka ɗumama kada ta gudu. Jakar barci da aka cika da lallausan gashin agwagwa ko na dinya tana yin ɗumi ne saboda kumburinta. Da zarar ka kwanta a kanta, ɓangaren da ke ƙarƙashinka ya danne ya zama fallen yadi, iska kuwa tana ratsawa ta ƙarƙashin gadon dare farai. Shi ya sa ko a daren da ma'auni ke nuna digiri 18, in akwai 'yar iska, mutum zai ji gadon bayansa da ɗuwawunsa sun yi sanyi. Maganin da suka samo shi ne bargon ƙarƙashi, wanda ake ratayawa ta wajen gadon, ya manne da bayanka ba tare da ka danne shi ba. Wanda bai da shi yakan shimfiɗa katifar soso a ciki. Sannan bargon rufa a kan jiki, sannan tamfol a sama domin ruwa da iska. Waɗannan ukun su ne ginshiƙai. Wanda ya sayi murfin sama alhali bargon ƙarƙashinsa bai kai sanyin wurin ba, ya yi asarar kuɗinsa, kuma ya jefa kansa cikin haɗari.

Shi murfin, fallen nailan ne mara nauyi da yake rufe saman gadon tun daga kai har ƙafa, yana hawa kan igiyar tsakiya da ke miƙe a bisa mai kwanciya. A wasu gadajen, irin Blackbird XLC na kamfanin Warbonnet da Chameleon na Dutchware, zuge zif ake yi a cire gidan sauro a maye gurbinsa da murfin. A na Hennessy ɗora shi ake yi a kan gidan sauron, kuma an bar masa wata kafa daidai fuska. Akwai kuma wani nau'in mai kama da buhu da ake zura gadon gaba ɗaya a ciki, har da bargon ƙarƙashi. Ban ambaci sunayen nan don talla ba, sai don in kun shiga shago ku gane abin da kuke kallo.

Aikinsa na farko, wanda ya fi kowanne, shi ne tare iska. Ko tamfol ya sauka ƙasa, jaura tana samun hanya ta bakinsa biyu, ta bi ta kan bargonka tana kwashe ɗumin da ya taru, ta doki fuska da wuya. Murfin yana yanke wannan. Na biyu, yana tsare 'yar iskar da ke kewaye da kai wuri guda har ta ɗan yi ɗumi. Masu amfani da shi sukan ce ciki yakan fi waje da 'yan digiri, misali uku zuwa shida, gwargwadon yadin da yadda aka rufe. Kada ku raina wannan. Ga wanda yake shaƙar iska mai yankan hanci tun tsakar dare, 'yan digirin nan su ne bambancin barci da juye-juye. Amma kada kuma ku lissafa su cikin ƙarfin bargonku. In daren zai kai digiri 10 ƙasa da sifili, barguna biyun su zama masu ɗaukar wannan sanyin su kaɗai, ko fiye. Murfin ya zama ƙari.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin shi ne zuciyar maganar.

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya a kan wuta ya ga yadda ruwa ke taruwa a cikinsa yana ɗiga. Tururi ne mai ɗumi ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Mutum a cikin rufaffen gadon lilo haka yake. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Iska mai ɗumin jiki tana iya ɗaukar tururin ruwa sama da giram 40 a kowane kubik mita. Iskar da ke kan sifili ba ta ɗaukar ko giram 5. Mai barci yana shaƙa da fitar da kimanin lita 6 a minti, wato kusan kubik mita 3 a awa 8, kuma duk numfashin da ya fito cike yake da laima. Ke nan daga huhu kaɗai ruwan da zai fito cikin dare ya kai giram 100. Fata ma tana fitar da kwatankwacin haka ko ba ka ji kana gumi ba. A haɗa, kofin shayi guda na ruwa. Sararin da ke ƙarƙashin murfin kuwa bai kai kubik mita ɗaya ba. Ina sauran ruwan zai je? In bai sami ƙofa ba, jikin murfin zai sauka, daga can kuma kan bargonka.

Ga yadda abin yake a ido. Ka farka gabanin asuba, ka kunna tocila, ka ɗaga kai. A daren da sanyi ya yi nisa ƙasa da sifili, za ka ga cikin murfin ya yi fari fat daidai saitin bakinka, ƙananan allurai na ƙanƙara sun tsiro a jikin yadin da igiyar tsakiya, suna ƙyalli, suna raguwa in an doshi ƙafa. Kana motsa kafaɗa gadon ya girgiza, sai su zubo maka a fuska da wuya, su bi ta ƙeya su narke. Zif ɗin ma yakan cije, sai ka riƙe shi da yatsu ya ɗan ji ɗumi kafin ya tafi. Duk da haka wannan shi ne mai sauƙin, domin busasshiyar ƙanƙara ce, ka fita ka kakkaɓe ta ta zube. Mummunan dare shi ne wanda ma'auni ke yawo kusa da sifili, sama da shi da digiri ɗaya ko biyu, ga hazo, irin sanyin Ingila da Sikotilan da gaɓar tekun yammacin Kanada. A nan ruwan ba ya daskarewa. Taruwa yake yi ya zama ɗigo, ya gangaro ya sauka a ƙirjin bargo. Lallausan gashin tsuntsu kuwa in ya jiƙe dunƙulewa yake yi, kumburin ya tafi, ɗumin ya bi shi. Dare ɗaya za a iya jurewa. Amma wanda yake tafiyar kwanaki, yana cusa bargo mai damshi a jaka kowace safiya, ya fito da shi da yamma ya ƙara masa wani, zai tarar bargon da ya ɗauke shi a daren farko ya kasa a na huɗu, alhali sanyin bai ƙaru ba.

Saboda haka gwanintar amfani da murfin sama tana cikin abin da ka bari a buɗe. Na san wannan ya saɓa wa abin da jiki yake so. Mai jin ɗari so yake ya toshe kowace kafa, ya ja zif har ƙarshe, ya cusa kai cikin bargo. Ku daure, ƙannena. Ku bar taga daidai fuska, aƙalla faɗin tafin hannu biyu, kuma in da hali a sami wata ƙarama ta wajen ƙafa ko ta ɗaya gefen, domin iska ta shiga nan ta fita can. Tururi mai ɗumi sama yake yi, don haka kafar da ke kusa da igiyar tsakiya ta fi ta ƙasa aiki. In murfin ya zo da tagar raga, ku kwanta yadda bakinku zai saitu da ita, ku kuma duba ta in kun farka cikin dare, domin ƙanƙara kan toshe idanun ragar har ta daina numfashi. Tagar ta kasance a gefen da iska ba ta bugowa. Kada kuma ku yi numfashi cikin bargon rufa, komai sanyi. Hular sanyi mai rufe kunne da wuya ita ce maganin kai, baki da hanci su zauna a waje.

Akwai wata dabara da masu kwanan Minesota suka saba da ita, kuma ina ganin ta cancanci kowa ya koya. Sukan rataya ɗan ƙyallen ulu ko na yadi mai gashi-gashi daga igiyar tsakiya, ya sauko kan ƙirji, tsakanin baki da bargo. Numfashi ya doke shi, ƙanƙara ta taru a jikinsa, da safe a cire shi a kakkaɓe. Tsohuwar rigar sanyi da aka yanka ma ta wadatar.

Yadin da aka yi murfin da shi yana da nasa hukunci. Ku sa shi a baki ku hura. In iska ta ratsa, ko da ƙyar, to mai numfashi ne, kuma shi ake so. In ba ta ratsa ba sam, an shafe shi da roba ko silikon irin na tamfol, wannan na tare ruwan sama ne, kuma in aka yi murfi da shi sai ya mayar da gadon kamar cikin leda. Na ga matasa suna ɗinka nasu da ragowar yadin tamfol don su rage kuɗi, ina roƙonku kada ku yi. Tare ruwa aikin tamfol ne. A wurare masu tsananin sanyi, inda babu fargabar ruwan sama ko kaɗan, wasu ƙwararru ma komawa suke yi ga yadin auduga mai kauri, duk da nauyinsa, saboda tururi yana ratsa shi cikin sauƙi. Amma auduga a sanyi mai damshi masifa ce, tana shan ruwa ba ta bushewa.

Wani zai ce, tun da sama tas take, babu hadari, me zai hana in bar tamfol a jaka in kwana da murfin kaɗai? A daren da babu gajimare, duk abin da ke fuskantar sama yana rasa zafinsa da sauri, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Shi ya sa raɓa ta fi sauka a irin wannan dare. Murfin da ke kallon sama kai tsaye zai fi yin sanyi, tururinka zai fi saurin komawa ruwa a cikinsa, raɓa kuma ta jiƙa bayansa. Tamfol a bisansa yana kare shi daga wannan. Ku kafa tamfol ɗin gefensa yana fuskantar inda iska ke fitowa, ku sauko da shi ƙasa, amma ku bar tazara tsakaninsa da murfin.

Wurin kwanan ma a zaɓe shi da tunani. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarowa take yi ta kwanta a kwari, kuma bakin tafki ko rafi ya fi ko'ina laima. Kan tudu kuwa dandalin iska ne. Tsakiyar gangare, cikin itatuwa, shi ya fi. Ku ɗaga kai ku duba babu busasshen reshe a samanku, domin nauyin ƙanƙara yana karya su. Ku ɗaura da ɗamara mai faɗin santimita 2.5 ko fiye don kada ku yanka ɓawon itace, igiyar ta sauko daga jikinsa a karkace da kusurwar digiri 30 ko kusa da haka.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa. Kada wuta ta shiga ƙarƙashin murfin nan, ko kyandir, ko risho, ko gawayi, ko da na minti biyar ne. Mu nan mun san wannan baƙin cikin. Lokacin hunturu akan shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, a wayi gari ana salati. Iskar da gawayi ke fitarwa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta ƙwace gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji kasala da ciwon kai, barci ya ɗauke shi. In ɗaki guda ya iya cika da ita, ina ga wurin da bai kai kubik mita ɗaya ba? Ga shi nailan narkewa yake yi ya manne a fata. Mai son ƙarin ɗumi ya tafasa ruwa a waje, ya zuba a gora mai jure zafi mai murfi ƙwaƙƙwara, ya sa ta cikin safa ya ajiye tsakanin cinyoyi. Ya ci abinci mai maiƙo kafin ya kwanta, ya canja kayan da ya yi gumi a ciki, ya kuma yi fitsari, kada ya riƙe.

Wannan gorar tana da amfani na biyu ga Musulmi. Ruwan da aka bari a waje dutse zai zama kafin asuba, wanda ya kwana cikin bargo kuwa zai wayi gari da ɗan ɗumi, ya isa alwala. In za ka fito salla, buɗe zif a hankali, ka tura murfin gefe yadda ƙanƙarar za ta zube waje, ka ninke bargon rufa ka tura shi wajen ƙafa kafin ka motsa. Ka goge hannu da fuska su bushe sarai bayan alwala, domin jiƙaƙƙiyar fata a cikin jaura ba ta ɗaukar lokaci take sandarewa. Takalma su kwana a inda hannu zai kai, bakinsu a buɗe sosai, in ba haka ba za su daskare a tsuke ƙafa ta ƙi shiga.

Ku kuma san alamun da ke cewa a tashi a bar wurin. In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Farko rawar ɗari ce mai ƙarfi, sai yatsu su kasa riƙe zif, magana ta fara sarƙewa, tunani ya dagule. In abokin tafiyarka yana karkarwa sai ya daina alhali bai ji ɗumi ba, kuma yana magana ba kan gado, wannan ba sauƙi ba ne, a nemi taimako nan take. Dalili ke nan da ba na son kowa a cikinku ya yi kwanan sanyi shi kaɗai a shekararsa ta farko.

Akwai dare da bai kamata a sa murfin ba sam. In babu iska, ga hazo, ma'auni yana sama da sifili, cire shi ka kwana da tamfol da bargunanka, za ka fi tashi a bushe. Gidan sauro ma shi kaɗai yana rage 'yar iska, kuma ya fi numfashi. Murfin ya fi biyan kuɗinsa a busasshen sanyi mai iska. Wannan ne ma ya sa nake ganin wanda zai rataya gadon lilo a Jos ko a tudun Mambila cikin Disamba da Janairu zai ji daɗinsa, domin iskar hunturu busasshiya ce, tana kwashe laimar numfashi, murfin kuma ya tare masa ƙura. Ko a can ɗin sai da abin da zai tare bayansa ta ƙasa.

Da safe, in rana ta fito, cire murfin ka juya cikinsa waje ka kakkaɓe, ka shanya shi tare da bargon rufa a kan igiya yayin da kake haɗa shayi. Ko a cikin sanyi, rana da busasshiyar iska suna janye damshi. Murfin da bai bushe ba ka sa shi a aljihun wajen jaka, nesa da barguna.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku shiga daji, ku gwada kayan a bayan gida ko a sansanin da mota take kusa, a daren da hasashen yanayi ya nuna irin sanyin da za ku tarar. Ku rataya ƙaramin ma'aunin zafi ɗaya a igiyar tsakiya, ɗaya a waje, ku ga da idonku digiri nawa murfin yake ƙara muku. Dare ɗaya ku buɗe tagar da yawa, wani daren ku rage, kowace safiya ku shafa saman bargon da tafin hannu ku ji ko da damshi. Jikin kowa da yadda yake fitar da laima, kuma da wannan gwajin ne kowannenku zai san faɗin tagar da ta dace da shi.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.